Na sabunta BOINC, ayyukana sun ɓace. Akwai hanyar ceto su?

Sadiq_Zariya
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman taimako a kan BOINC, manhajar da ke sauko wa kwamfutar mutum ayyukan lissafi daga shirye-shiryen binciken kimiyya, ta yi su ta mayar da sakamako. Kwamfuta ce mai Windows 10, an sa mata sabon SSD aka girka Windows daga farko. Tsohon faifan yana nan a matsayin D, ba a taɓa shi ba. A da sigar 7.16.11 ce a kanta, yanzu na girka 8.0.2. Da na buɗe Manager, wato tagar sarrafa BOINC, shafin Tasks wayam, shafin Projects ma wayam. Shiri biyu take yi wa aiki, Einstein@Home da Rosetta@home. Na sake ƙara Rosetta, ta sauko da sababbin ayyuka, amma a shafinsu na intanet tsofaffin duk sun koma "Abandoned". Ganin haka na dakata, ban ƙara Einstein ba. A can har yanzu ayyukan suna "In progress", kuma wasunsu an riga an gama su, suna "Ready to report" kafin a kashe kwamfutar. Za su cetu, ko sun tafi ke nan?

Injiniya_Habu
Wa alaikumus salam Malam Sadiq. Dakatawar nan da ka yi ita ce za ta ceci na Einstein, don haka kada ka ƙara shi tukuna, kada kuma ka taɓa Reset ko Remove a ko'ina.

Buɗe Event Log, Ctrl+Shift+E, ka haura can saman. A cikin layukan farko akwai wanda ya fara da "Data directory:". Kwafo mana shi. Sannan ka bincika faifan D ka nemo fayil mai suna client_state.xml, inda BOINC ke rubuta halin da kowane aiki yake ciki. Ka faɗa mana foldar da yake ciki, girmansa, da ranar da aka yi masa rubutun ƙarshe.

Sadiq_Zariya
Layin ya ce Data directory: C:\ProgramData\BOINC. A D kuma na same shi a D:\BOINCdata, tare da foldar projects da ta slots. Ranar da ke jikinsa ita ce ranar da aka kashe kwamfutar don canja faifai.

Injiniya_Habu
To alhamdu lillahi, babu fayil ɗin da ya ɓace a faifanka. BOINC gida biyu gare shi: manhajar kanta tana Program Files, aikin kuma yana foldar data. Wurin da foldar data take ana ajiye shi ne a cikin rajistar Windows, shi ya sa idan ka ɗora sabuwar siga a kan tsohuwa take gane wurin da kanta. Kai kuwa Windows ɗin gaba ɗaya sabo ne, rajistar ta tafi da tsohon, sai manhajar ta buɗe sabuwar folda a inda ta saba, ta fara rayuwa kamar yau aka haife ta. Ba sigar 8.0.2 ce ta ci maka aiki ba, ko 7.16.11 ka mayar haka za ka gani.

Ga yadda za ka bi. Ka rufe BOINC gaba ɗaya, File sannan Exit, ka zaɓi a tsayar da ayyuka, ka leƙa Task Manager ka tabbata boinc.exe ba ya gudana. Ka kwafi D:\BOINCdata ɗungurungum zuwa wani wuri, wannan kwafin kada ka taɓa shi. Ka cire BOINC ta Control Panel, ka sake girka shi, idan ka iso shafin da ke nuna foldoji ka danna Advanced ka mayar da Data directory zuwa D:\BOINCdata. Kafin ya tashi karon farko ka cire intanet. Idan ya tashi ka ga ayyukanka sun dawo a Tasks, sai ka mayar da intanet ka danna Update a kan Einstein.

Tijjani_GPU
Injiniya, ka tsallake abu ɗaya. Malam Sadiq, ayyukan Einstein ɗin na CPU ne ko na katin GPU? Idan na kati ne, ka fara girka direban katin daga shafin NVIDIA ko AMD kafin ka tayar da BOINC a kan tsohuwar foldar. Direban da Windows ke saukowa da shi da kansa sau da yawa ba ya zuwa da cikakken OpenCL, wato tsarin da ke ba manhaja damar yin lissafi da katin, kuma manhajojin Einstein na kati da yawansu da OpenCL suke aiki. Alamar tana saman Event Log: ya kamata ka ga layi mai farawa da "OpenCL:" da sunan katinka. Idan "No usable GPUs found" ka gani, ayyukan za su tsaya da "GPU missing", wa'adinsu yana ta tafiya.

Sannan wajen girkawa kada ka yi wa akwatin "Service Install" alama. Idan BOINC yana gudana a matsayin sabis, Windows ba ya barin sa ya ga katin, tun zamanin Vista haka abin yake.

Injiniya_Habu
Gaskiyarka Tijjani, direba ne farko.

Ummi_Fiziks
Ina son in kwantar wa Malam Sadiq hankali a kan waɗanda suke "Ready to report". Mayar da sakamako mataki biyu ne. Na farko loda fayilolin sakamako zuwa sabar, wato babbar kwamfutar shirin, shi ne abin da kake gani a shafin Transfers. Na biyu kai rahoto ga mai rabon aiki na shirin cewa aiki kaza ya ƙare, ga yadda ya ƙare, ga tsawon lokacin da ya ɗauka. Kamar ka sauke buhu a sito ne amma ba a shigar da shi littafi ba: kayan suna can, sai dai a lissafi kai ake bi. Duk aikin da ya kai "Ready to report" fayilolinsa suna sabar Einstein tuni. Abin da ya rage 'yan layuka ne a cikin client_state.xml, su ne rahoton. Shi ya sa wannan fayil ɗin ya fi komai daraja a foldar. Idan ya tafi, babu hanyar gaya wa sabar cewa ka gama, ko da sakamakon yana zaune a faifanta.

Wa'adin Einstein yakan kai makonni biyu, don haka akwai sarari, amma ka duba ranar kowane aiki a shafin asusunka. Na Rosetta kwana 3 ne kawai.

Dan_Maradi
Ni tambayata a kan Rosetta ce. Sabon Windows ne, sabuwar folda, ta yaya sabar ta san kwamfuta ɗaya ce har ta zubar da tsofaffin ayyukan? Na zaci sabuwar lamba za ta ba ta ta bar waɗancan har wa'adinsu ya cika.

Kawu_Isa
Ɗana, idan kwamfuta ta zo wa sabar ba ta da lambar da aka san ta da ita, sabar ba ta buɗe sabon shafi nan take. Tana fara duba kwamfutocin da ke ƙarƙashin asusun ta ga ko akwai wadda ta dace: ko dai ta CPID, lambar shaidar da BOINC ke ba kowace kwamfuta, ko kuma suna ɗaya, adireshin IP ɗaya, irin furosesa ɗaya, girman RAM ɗaya. Idan ta samu, sai ta ce ai wannan ce ta cire shirin ta dawo, ta ba ta tsohuwar lambarta. Tun da kuma ta zo hannu wofi, ba ta ambaci ko aiki ɗaya a buƙatarta ba, sai sabar ta rufe duk abin da take bin ta, ta tura wa wasu. "Abandoned" ke nan. Sadiq, sunan da ka ba kwamfutar a sabon Windows shi ne na da?

Sadiq_Zariya
Shi ne, Kawu. Ban canja ba.

Kawu_Isa
To ka ga dalili. Da sunan ya bambanta, mai yiwuwa da ka ga kwamfuta biyu a asusunka, tsohuwar riƙe da ayyukanta. Irin wannan ne ake gyarawa daga baya da Merge a shafin kwamfutar. Makin da shirin ya ba ka kan ayyukan da ka gama a baya kuwa yana jikin asusu, babu abin da ya same shi ta kowace hanya.

Mai_Sola
Ni ban ga abin wahalar da kai ba. Aikin da ya ɓace ai sabar za ta tura wa wani, kimiyya ba ta yi asarar komai ba. Ya ƙara Einstein kawai ya ci gaba.

Ummi_Fiziks
Malam Mai_Sola, gaskiya ne tsarin an gina shi da sanin cewa kwamfutocin mutane za su riƙa ɓacewa. Amma akwai asara. A shirye-shiryen da ke buƙatar sakamako biyu su yi daidai kafin a amince, akwai wani can da ya gama nasa kwafin yana jira, nasa yana "Completed, waiting for validation". Idan naka ya ɓace shiru, sai wa'adi ya cika kafin a fitar da kwafi na uku, wanda sunansa ke ƙarewa da _2, sannan shi ma a jira shi. Fayilolin wannan aikin kuma dole su ci gaba da zama a faifan sabar duk tsawon lokacin. Ga wutar da aka riga aka ƙona wajen lissafin, wadda kai da ke kan sola ka fi kowa sanin tsadarta. Gyaran da Injiniya ya faɗa bai fi rabin awa ba.

Rabi_Linux
Akwai abin da ba a yi magana a kai ba. Sababbin ayyukan Rosetta da ya sauko da su suna C:\ProgramData\BOINC. Da zarar ya koma foldar D, waɗannan su ne za su zama marayu. Kafin ya rufe, ya danna "No new tasks" a kan Rosetta, ya zaɓi duk waɗanda ba su fara ba ya yi musu Abort, ya danna Update don sabar ta sani ta tura wa wasu yau. Wanda ya kusa gamawa ya bar shi ya ƙare ya kai rahoto. Abort da aka kai rahotonsa ya fi shiru sau dubu.

Kuma don Allah kada wani ya ba shi shawarar haɗa foldojin biyu, ya kwashe na C ya zuba a kan na D. client_state.xml ɗaya zai danne ɗaya, foldojin slots kuma lambobinsu iri ɗaya ne, 0, 1, 2, abin da ke ciki zai cakuɗe.

Tijjani_GPU
Tsofaffin na Rosetta da ke D fa, waɗanda aka riga aka yi wa "Abandoned"? Ni dai ina ganin ya zubar da su duka. An riga an ba wasu, wa'adin kwana 3 ne, ƙona wuta ne kawai.

Kawu_Isa
Waɗanda ba su fara ba, na yarda, Abort. Waɗanda aka gama kuwa ya bar su su kai rahotonsu, ba ya cin komai sai 'yan kilobayit. Sabar ta yi abin da ta ga dama da su. Inda za mu saɓa shi ne wanda ya kai kashi 80 ko 90. Ni zan bar shi ya ƙare.

Tijjani_GPU
Kawu, ni ba zan bari ba. Awa ɗayan da zai ci gara a ba sabon aiki da ake jira.

Baban_Hanif
Tun da ana maganar client_state.xml, bari in kawo matsalar da ta fi damun mu a nan: ɗauke wuta. Manhajar tana sake rubuta wannan fayil a kai a kai. Tana fara rubutawa a client_state_next.xml, sannan ta mayar da na yanzu client_state_prev.xml, sannan sabon ya hau kujerar. An yi haka ne don idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu a samu na komawa, kuma da kanta take komawa kan wanda yake lafiya. Amma faifai yana riƙe rubutu a ƙwaƙwalwarsa kafin ya sauke, don haka akan samu a kunna kwamfuta a tarar da fayil mai girman sifili ko cike da shara, wani lokacin har da na baya.

Idan aka kunna bayan ɗauke wuta aka ga Tasks wayam alhali Data directory daidai yake, a rufe BOINC nan take a cire intanet, a kwafi foldar, sannan a buɗe fayilolin da Notepad. Mai lafiya yana farawa da <client_state> ya ƙare da </client_state>. Duk mintin da manhajar ta ƙara tana gudana, tana rubuta sabon fayil mara komai a kan na prev, tana kuma share foldojin slots da ba ta san masu su ba, a nan kuwa kowane aiki yake ajiye inda ya kwana.

Ƙaramin UPS da zai riƙe minti biyar a kashe kwamfuta cikin natsuwa ya fi duk wata dabara.

Dan_Maradi
To me zai hana mutum ya riƙa ajiye kwafin foldar kowane dare, idan abu ya lalace ya mayar da na jiya?

Injiniya_Habu
Ana yi, amma akwai tarko. Duk lokacin da manhajar ta tuntuɓi mai rabon aiki tana ƙara ɗaya a kan wata lamba, rpc_seqno, kowane shiri da tasa a cikin client_state.xml. Sabar ma tana riƙe da tata. Kwafin jiya lambarsa ta yi ƙasa da wadda sabar ke tsammani, sai sabar ta ɗauka an kwafi foldar zuwa wata kwamfuta daban, ta fara mu'amala da ita a matsayin baƙuwa. Daga nan ake samun sabuwar lambar kwamfuta ko ayyuka su koma "Abandoned".

Maganin: kafin ka tayar da BOINC a kan kwafin, shiga shafin kwamfutarka a gidan shirin, akwai layin "Number of times client has contacted server". Buɗe client_state.xml da Notepad, BOINC a rufe, nemo sashen wannan shirin, ka mayar da rpc_seqno ta ɗara waccan lambar. Ka yi wa kowane shiri nasa. Kada a yi amfani da Word, yana lalata fayil ɗin.

Ban da haka kwafin jiya yana ɗauke da ayyukan da aka riga aka kai rahotonsu yau, za a sake lissafa su a banza, kuma bai san waɗanda aka sauko da su bayan an ɗauke shi ba. Kwafin da yake da amfani sosai shi ne wanda aka ɗauka BOINC a rufe, dab da za a yi wani canji. Na Malam Sadiq irin wannan ne, shi ya sa Einstein ɗinsa ba ya buƙatar taɓa lambar.

Zulai_Kd
Sannunku da ƙoƙari. Tawa ta ɗan bambanta: ban canja komai ba, amma shafin shirin yana nuna ayyuka "In progress" da babu su a kwamfutar. Intanet ɗin hotspot na waya ne.

Kawu_Isa
Malama Zulai, waɗannan su ne ayyukan fatalwa. Kwamfutarki ta nemi aiki, sabar ta rubuta cewa ta ba ki, amma amsar ta yanke a hanya ba ta iso ba. Da intanet na waya mai yankewa abin yana yawan faruwa, haka ma idan sabar ta yi nauyi. A Event Log za ki ga "Scheduler request failed" a daidai lokacin da shafin ya ce an aiko su.

Duk lokacin da manhajar ta tuntuɓi sabar tana aika jerin ayyukan da ke hannunta. Shirin da ya kunna tsarin sake aiko ɓatattu zai kwatanta jerin da nasa, ya sake turo miki, ki ga "Resent lost task" a Event Log. Einstein yana yin haka. Wasu shirye-shiryen sun kashe shi saboda nauyin da yake ɗora wa rumbun bayanansu, a can sai dai su zauna har su koma "Timed out - no response". Ki danna Update sau ɗaya lokacin da layi yake da kyau ki gani. Kada ki yi Reset saboda su, zai zubar da na gaskiyar da ke hannunki, ya kuma sa ki sake sauke manhajojin shirin da manyan fayilolinsa da datarki.

Zulai_Kd
Na gode Kawu, Allah ya saka da alheri. Dama Reset ɗin nake shirin yi.

Mai_Sola
Duk wannan ya ƙara tabbatar mini da ra'ayina: abin da yake aiki a bar shi. Me ya kai mutum sabunta siga?

Rabi_Linux
A'a Malam, wannan ra'ayin ya taɓa cin mutane da yawa. Ranar 30 ga Satumba 2021 tsohuwar takardar shaidar tsaro ta intanet mai suna DST Root CA X3, wadda takardun Let's Encrypt suke jingine da ita, ta ƙare. BOINC na Windows a lokacin yana tafe da nasa fayil ɗin takardun shaida, ca-bundle.crt, sai kwamfutoci suka kasa magana da shirye-shiryen da ke amfani da Let's Encrypt. Sakamako ya taru a Transfers ba ya tafiya, Event Log yana ta cewa "Peer certificate cannot be authenticated with given CA certificates". Sigar 7.16.20 aka fitar don gyara wannan. Wanda ya tsaya a tsohuwa sai da ya canja fayil ɗin da hannu. Sigar da Malam Sadiq ya baro, 7.16.11, tana cikin waɗanda abin ya shafa.

Sabuntawa ba ta cin aiki idan an yi ta a tsanake: a rufe BOINC, a kwafi foldar data, a ɗora sabuwa a kan tsohuwa ba tare da cire ta ba, a duba foldar da mai girkawa ya nuna. Idan ta tashi za ka ga layin "Version change" a Event Log, ta ɗan dakatar da ayyuka ta auna saurin furosesa, sannan kowane aiki ya ci gaba daga inda ya ajiye.

Baban_Hanif
Ƙari a kan maganar Malama Rabi: wannan saƙon takardar shaida yana fitowa ko da sabuwar siga idan agogon kwamfuta ya ɓata. Tsofaffin kwamfutoci da batirin CMOS ɗinsu ya mutu, duk ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma shekarun baya, takardar shaidar sabar ta zama kamar lokacinta bai zo ba. Batiri ne CR2032, mai faɗin kwabo, masu gyaran agogo ma suna sayarwa. A fara duba kwanan wata kafin a zargi manhaja.

Tijjani_GPU
Malama Rabi, ni ina ƙara "No new tasks" kwana biyu kafin sabuntawa, a bar rumbun ayyukan da ke hannu ya ƙare tas, a kai rahoto, sannan a taɓa komai. Babu aiki a hannu, babu abin asara.

Rabi_Linux
Ga ƙaramin canjin siga wannan ya yi yawa, musamman mai aikin climateprediction.net da aiki ɗaya ke ɗaukar kwanaki ko makonni. Inda ya zama dole a ƙarar da rumbu wuri uku ne. Idan za a canja tsarin kwamfuta, misali daga Windows zuwa Linux, domin manhajojin da ke foldar projects na Windows ne, Linux zai ce bai san su ba ya zubar da ayyukan. Idan shiri ya canja adireshi ya ce a cire shi a sake ƙarawa da sabon, domin Remove yana share komai nasa. Sai kuma idan za a sabunta VirtualBox alhali akwai ayyukan LHC@home irin su ATLAS ko CMS a kai. Waɗannan kwamfuta ce a cikin kwamfuta, idan aka canja VirtualBox a ƙarƙashinsu sukan tsaya da "VM job unmanageable" ko su faɗi.

Masu Linux kuma matsalar Malam Sadiq tana zuwa muku ta wata ƙofa. A Debian da Ubuntu foldar tana /var/lib/boinc-client, a Fedora /var/lib/boinc. Wanda ya bar kunshin da tsarinsa ya zo da shi ya koma wani, kamar na Flatpak, zai iya tarar da folda daban. A tsayar da shi da systemctl stop boinc-client, a kwashe, sannan a yi chown -R boinc:boinc a kan foldar. Idan aka kwafa da root aka manta wannan, manhajar ba za ta iya rubuta client_state ba, ta mutu tun a tashi.

Ummi_Fiziks
Wani nau'in ɓacewa da ba a ambata ba shi ne aikin da ya gama lafiya amma ya koma "Computation error" a ƙarshe. Idan ka buɗe shi a shafin shirin ka ga lamba -161, fayil ɗin sakamako ne ba a samu ba lokacin lodawa, a Event Log kuma "Output file absent". Abu biyu ake fara dubawa: faifai ya cika ko iyakar da aka ba BOINC a saitin Disk ta yi kaɗan, ko kuma manhajar kashe bairos ta kama wani fayil ta killace. A sa foldar data gaba ɗaya cikin waɗanda ba a bincikawa. Malam Sadiq, sabon Windows ɗinka bai san da D:\BOINCdata ba, ka saka ta tun yanzu.

Dan_Maradi
Mu masu sayen data da awo, akwai saitin da zai rage ci ba tare da sakamako ya maƙale ba?

Injiniya_Habu
Akwai biyu a Computing preferences. Ɗaya yana iyakance megabayit nawa a cikin kwana nawa. Ka yi hattara da shi, yana ƙirga saukewa da lodawa duka, idan iyakar ta cika sakamakon da aka gama ma ba zai fita ba. Ɗayan yana ware awannin da za a yi hulɗa da intanet, shi ya fi dacewa da mai datar dare. Ka haɗa shi da "Store at least" na kamar kwana 1 don kada aiki ya ƙare da rana. Kada ka kai shi kwana 5 ko 10 da wutar da ba ta tsayawa, rumbun zai fi ƙarfin awannin da kwamfutar ke kunne, wa'adi ya riƙa wucewa. Ka sani kuma idan lodawa ta taru da yawa, manhajar tana daina neman sabon aiki daga wannan shirin, ta rubuta "too many uploads in progress". A shafin Transfers ka zaɓi ɗaya ka danna Retry Now. Kada ka danna Abort Transfer, wannan zubar da sakamakon ne.

Mai son rahoto ya tafi da zarar an gama lodawa ya sa report_results_immediately ya zama 1 a sashen options na cc_config.xml, ya danna "Read config files". Da wannan a kunne, da Malam Sadiq bai kwana da "Ready to report" da yawa ba.

Kawu_Isa
Injiniya, wannan saitin ban cika son a yaɗa shi ba. Kowane rahoto tuntuɓa ce ga rumbun bayanan shirin, an tsara a tara su ne a kai lokaci ɗaya don a sauƙaƙa wa sabar. Danna Update kafin a kashe kwamfuta ya wadatar.

Injiniya_Habu
Ga mai wuta tsayayya na yarda, Kawu. Wanda ba shi ke zaɓar lokacin kashewa ba fa?

Sadiq_Zariya
Ga inda aka tsaya. Na bi maganar Malama Rabi na sallami sababbin na Rosetta, na girka direban NVIDIA, na sake girka BOINC a kan D:\BOINCdata ba intanet. Ayyukan duk sun bayyana, layin OpenCL ma ya fito. Da na mayar da intanet na danna Update, na Einstein da aka gama sun kai rahoto, wasu sun zama "Completed and validated", wasu suna jiran abokin tabbatarwa. Waɗanda suke tsakiya sun ci gaba. Tsofaffin na Rosetta da ba su fara ba na yi musu Abort, waɗanda aka gama sun fita daga Tasks, zan duba shafinsu gobe in ga yadda aka rubuta su. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Saura abu ɗaya. Faifan D tsoho ne, ina son foldar ta koma kan SSD. Yawan rubutun da BOINC ke yi ba zai cinye shi ba?

Baban_Hanif
Ga ayyukan Einstein na yau da kullum ba abin damuwa ba ne. Idan kana son ragewa, akwai saitin "Request tasks to checkpoint at most every", yana kan daƙiƙa 60. Kana iya kai shi 300, amma duk ɗauke wuta za ka rasa har minti biyar na kowane aiki da ke gudana. Rosetta da masu VirtualBox su suka fi rubutu, su za ka sa wa ido.

Rabi_Linux
Hanyar ita ce dai ta ɗazu, a juye: rufe BOINC, share abin da ke C:\ProgramData\BOINC tun da ka sallami ayyukansa, kwashe na D ka zuba, cire manhajar ka sake girkawa ka nuna mata C. Ka bar mai girkawa ya yi, kada ka gyara rajista da hannu, domin shi ne yake daidaita izinin foldar. Bayan ta tashi ka canja wa ta D suna, kada wata rana a tayar da ita bisa kuskure da tsohuwar rpc_seqno.

Tijjani_GPU
Ka dawo mana da labarin na Rosetta ɗin gobe, Malam Sadiq. Ina son in ga ko an ba su maki, ni da Kawu ba mu gama ba.